Kaskar Ɗakin Inna

Lahadi, 11 ga Agusta 1968, da hantsi. Tungar Kirya.

Yau da safe ƙanwata Asibi ta tsaya bakin zaure tana gyara kallabi, ba ta dube ni ba, ta ce, "Yaya, ɗiyar Inna ta ɗan taɓa masassara kwanakin ga, amma ta samu sauƙi." Na ce Allah shi ƙara sauƙi, na ci gaba da feƙe fensirina kamar an ce mini akuyar maƙwabta ce ta yi tari.

Ɗiyar Inna 'yata ce ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Tun da aka yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, ɗakin kuma ta dawo watan jiya goyon ciki, don mijinta Maliki yana can yana aikin lebura a dam ɗin Kainji. Cikin fari ne, ya shiga wata bakwai. Wannan ma ba wanda ya faɗa mini. Ido ne ya gani, na kau da kai.

Ashe tun ranar Alhamis take kwance tana rawar ɗari har da amai. Ni Yusha'u, malamin yaƙi da jahilci, mai koya wa masu furfura baƙi da wasali a zaure, ni ne na ƙarshen sanin abin da ke cikin gidana. Haka aka saba, ba a kawo wa uba labarin ɗan fari, shi ma ba ya tambaya. Na yarda da hakan shekara da shekaru, yau ne kawai abin ya tsaya mini a rai.

An ce an rufe dam. Kogin Kwara ya fara hawa, ya riga ya shanye fadamar shinkafar Wakili. Ɓeraye da gafiyoyi sun gudo daga gaɓa sun cika gari, har da rana suna ratsa tsakar gida. An ba mu zuwa ƙarshen watan gobe mu koma sababbin gidaje a kan tudu.

Talata, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Na yi dabara. Na tsaya tsakar gida na faɗa wa iska cewa zan je Yelwa karɓo alli, in akwai mai son ganin likita ga jirgi. Asibi ta gane, ta fito da ita.

Cindo ne ya kai mu a jirginsa mai inji. Basarke ne, masunci, abokin wasana tun muna yara, kuma bakinsa ba ya da linzami. Ya dube ni zaune can gaba na ba su baya, ya ce, "Malam mai alli, wanga alli naka da nauyi shi ke, har da 'yan rakiya biyu." Na ce ya kula da injinsa kada ya kai mu ga kada.

A asibiti mun samu Malam Bitrus, ma'aikacin da ke duba marasa lafiya kafin su kai ga likita, mutumin wajen Zuru, mai sanyin magana. Ya tambayi sunanta, na shiga kallon rufi, Asibi ta faɗa. Ya gwada zafin jikinta, ba komai. Ya soki yatsanta ya shafa jinin a ɗan gilashi ya duba a madubin likita, nan ma ba komai. Ya ce da alama ta sauro ce ta zo ta wuce, ya ba da ƙwayoyi. Ni ina bakin ƙofa duk lokacin, kunnena a ciki.

Na manta da allin, sai da muka kusa gida Cindo ya tuna mini, yana dariya har yana buga gefen jirgi.

Jumma'a, 16 ga Agusta, da safe

Na ji dariyarta ta bayan katanga, suna tsintar shinkafa da Inna. Alhamdu lillahi. Na ci tuwo na ƙara.

Talata, 20 ga Agusta, da azahar

Tun jiya ban ji muryarta ba. Akushin da ake kai wa ɗakin Inna ya fito yadda ya shiga, na gani da idona. Gidan duk warin dafaffen ganyen darbejiya.

Na ce wa matata Hansatu, "Lafiya dai gidan ga?" Ta ce, "Lahiya lau." Na ce, "Kowa da kowa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka tambayi Inna, ita ad da ɗiya." Ita ma 'yar farinta ce, kunyar da ta ɗaure ni ta fi ɗaure ta. Idonta ya yi ja, ta ce hayaƙi ne.

Ban tambayi Inna ba. Yaya zan tsaya gaban mahaifiyata in nuna na damu da wannan yarinya? Gobe a rijiya a ce Yusha'u boko ya cinye masa kunya.

Alhamis, 22 ga Agusta, da yamma

Asibi ta sake zuwa bakin zaure da irin maganar rannan: "Ta ɗan taɓa, amma ta samu sauƙi." Na ji raina ya ɓaci, na ce mata ita ba ta iya kawo labari sai ya huce, kamar mai tallan kunun jiya. Ta ce, "To Yaya, mi kaka so in yi? In taho gaban ɗalibanka in ce ɗiyarka na mutuwa?" Ta rufe baki da hannu, don kalmar ta riga ta fita.

Ta ce wannan karon ya fi na farko. Ta yi ta sambatu, ta ce kanta zai tsage, idonta ya yi rawaya, daga baya gumi ya karyo mata har ya jiƙa tabarma, sai zafin ya tafi kamar an ɗauke da hannu. Ƙwayoyin asibiti ta shanye su duka, ba su hana komai ba.

Ina jin tsoro. Na rubuta shi, tunda ba wanda zan faɗa wa.

Asabar, 24 ga Agusta, da safe

Jiya mun koma Yelwa. Ban nemi wani alli ba, Cindo ma bai yi tsokana ba.

Malam Bitrus ya saurari Asibi har ƙarshe. Ya sake duba jini, ya daɗe a kan madubin, ya ɗago ya ce babu. Sai ya fara tambayoyin da ban zata ba. Ɗakin da take kwana na laka ne? Tsoho ne? Akwai ramukan ɓera? Ya sa aka duba ƙafafunta da bayanta, aka samu 'yan tabo jajaye-jajaye. Asibi ta ce cizon kuɗin cizo ne.

Ya kira ni gefe, ya ce, "Malam, kai ne uban ko?" Na ce e, a hankali. Ya ce yana zaton masassarar kaska ce. Na ce ai mu ba mu da shanu, kuma ba wanda ya ga kaska a jikinta. Ya ce ba irin ta shanu ba ce mai maƙalewa. Wannan a tsagar bango da ramin ɓera take zama, ta fito lokacin da mutum ke barci, ta sha ta koma, ba a ganinta. Masassararta takan yi kwana uku ko huɗu, ta tafi kamar mako guda, ta dawo. In ta tafi, ƙwayar cutar ɓuya take yi, ko an duba jini ba a ganinta.

Na ce to a ba ta maganin mana. Ya ce maganin akwai, allura ce, amma tana girgiza mutum ƙwarai kafin ta warkar da shi, kuma ga mai ciki likita ba zai yarda a yi ta a kan zato ba, sai an ga abin da ido. Ya kama hannuna ya ce, "Sau biyu kuna kawo min ita bayan wuta ta mutu. Ka kawo ta tana cikin zahi. Ranar da ta soma, ranar nan. Kada ka jira ta samu sauƙi." Ya ce in da hali ma mu zauna a garin mu jira.

Asibi ta ce Inna ta ce a maida mata ɗiya kafin rana ta faɗi, mai goyon ciki ba ta kwana a waje. Ita ma yarinyar ta ce da Asibi gida take so. Duk suka juyo suka dube ni, na san ni ake jira. Na ce, "Yadda Inna ta ce."

Lahadi, 25 ga Agusta, bayan azahar

Na jira sun fita wanki, na shiga ɗakin Inna, rabona da shi tun ranar da aka kai yarinyar can. Na ja gadon kara. A gindin bango ramukan ɓera sababbi, ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba. Na sa tsinke a wata tsaga na tono. Suka fito, ƙanana, masu launin ƙasa, a shafe kamar ƙwayar guna. Na danne ɗaya da farce, jini ya fito. Na daɗe a tsugune ina kallon farcena.

Inna ta same ni a haka. Ta ce, "Yusha'u, mi kaka nema ɗakin matan mutane?" Na nuna mata a tafin hannu, na faɗi abin da Malam Bitrus ya ce. Ta yi tsaki. Ta ce, "Cikin ɗakin ga na haihe ka, cikinai na haihi Asibi, cibiyarku na nan bayanai. Tun kahin a haihi wanga Bitrus nike kwana nan, ƙwaro bai kashe ni ba. Mutanen ruwa ne anka tone ma gida, sunka hau tudu suna neman na kamawa. Kowa ya san haka, ban da mai boko."

Na ce ko a maida ta ɗakin Hansatu. Inna ta riƙe baki. Ɗiyar fari ta kwana ɗakin uwarta, da ciki? Ta ce in bari ita Inna ta mutu tukuna in yi wannan abin kunya.

Abin da na samu aka yarda, na kwarara tafasasshen ruwa a ramukan, na kwaɓa laka na liƙe tsagogin, na ƙone tsohuwar tabarma. Amma Malam Bitrus ya riga ya faɗa mini, abin da ya shiga jini ya shiga, liƙe bango ba zai hana shi dawowa ba. Na sa Asibi ta rantse za ta faɗa mini da zarar jikin ya ɗumama.

Na ba Cindo labari, ya ce shi dai ya tsira, kaska da haushin kifi za ta mutu. Ya ga ban yi dariya ba, ya ce jirginsa na nan a ɗaure, ko yaushe ne in ƙwanƙwasa.

Laraba, 28 ga Agusta, da safe

Lafiya lau take. Wannan lafiyar ce ke ba ni tsoro. Ruwa ya iso gindin kiryar bakin gari.

Jumma'a, 30 ga Agusta, da azahar

Asibi ba ta nan. Jiya mijinta ya tafi da ita tudu su share gidan da aka ba su, sai gobe za su dawo. Ban tuna da wannan ba lokacin da nake sa ta rantsuwa.

Akushi ya fito a cike. Ga warin darbejiya. Inna ta rataya zane a ƙofar ɗaki.

Na je ƙofar sau ba adadi. In na kai wajen turmi sai ƙafata ta juya da kanta, in yi kamar igiya nake nema. Na tambayi Hansatu, ta ce Inna ta ce ciwon kai ne kawai. Na ce ta shiga ta taɓa jikinta, ta ce Inna na zaune a bakin gado, da wane ido za ta yi haka? Na zage ta, abin da ban saba ba. Ta yi kuka, ni kuma na koma zaure na zauna da babbar rigata kamar mutumin kirki.

Watakila ciwon kan ne. Masu ciki suna ciwon kai.

Jumma'a, bayan la'asar

Na ji nishi ta bango. Cindo ya ce in za a tafi yanzu ne, in rana ta faɗi ba ya shiga, ruwa ya rufe duwatsu da kututture ba ya gane hanya. Na ce masa a bari zuwa safe, Asibi za ta dawo ta duba.

Asabar, 31 ga Agusta

Ba zan iya ba yau.

Litinin, 2 ga Satumba, da hantsi. Yelwa, barandar asibiti.

Tana da rai. Bari in fara da wannan.

Naƙuda ta zo mata da asubar Asabar, cikin zafin. Abin da aka samu namiji ne, bai kai hantsi ba. Ni na haƙa kabarin, a bayan ɗakin Inna. Ƙasar ta jiƙe, ba ta yi wuyar haƙa ba.

Da na dawo tsakar gida na tarar an ɗora babbar tukunya, matan maƙwabta sun taru, ana shirin wankan jego. Ruwa na tafasa, ga ganye a ciki. Ta gefen zanen ƙofa na hango yarinyar kwance, leɓɓanta sun tsage, tana kiran wata ƙawarta da ta rasu tun suna yara. Wannan jikin da ke ci kamar garwashi za a watsa wa ruwan zafi.

Ban san lokacin da na ɗaga zanen ƙofar ba. Na sa hannu a goshinta. Rabona da taɓa ta tun tana jinjira, shi ma a ɓoye. Inna ta miƙe ta ce, "Yusha'u, hauka kaka yi? Mai jego ba ta hita! In sanyi ya shige ta, kai ka kashe ta." Na ce, "Inna, ki gahirce ni." Na naɗe ta a bargo na ɗauke ta. Matan suka yi ta salati, wata ta ce duniya ta ƙare. Na ratsa gari da ita a hannu, mutane na kallo, har bakin ruwa. Hansatu ta biyo ni da gudu ba mayafi, ta shiga jirgin, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Ba wanda ya ce mata ta yi.

Mun iso bayan azahar. Malam Bitrus ya gan mu, ya dubi cikin ya ga babu shi. Ya ɗauko kati ya ce, "Suna?" Na waiwaya, ba Asibi. Hansatu ta sunkuyar da kai. Na ce, "Barakatu." Muryata ta fita kamar ta wani.

Ya duba jinin, wannan karon bai daɗe ba. Ya ce in zo in gani. Na sa ido a madubin, na ga wasu abubuwa sirara a murɗe kamar zaren da aka warware daga tsumma, birjik a tsakanin jinin. Na ce, "Da jiya na kawo ta fa?" Ya ce, "Malam, yau ka kawo ta. Taimaka min mu ɗaga ta."

Likita ya zo ya gani, aka yi allurar. Sun gargaɗe mu, amma gargaɗi daban, gani daban. Ba a jima ba ta kama rawar ɗari har gadon ƙarfe na kaɗawa, haƙoranta na haɗuwa, zafin ya ƙaru a kan na da. Hansatu ta kama rigar Malam Bitrus tana cewa sun kashe mata ɗiya. Daga nan gumi, sai jikin ya yi sanyi ƙalau, ta yi laƙwas, aka rataya mata ƙarin ruwa. Na riƙe ƙafarta ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ban san sau nawa na ce a raina ta tafi ba.

Jiya da safe ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Alhamis, 5 ga Satumba, da yamma

Ba zafi. Tana shan kunu, ana ba ta ƙwayoyi masu kwanso. Amma yau da ta tashi bakinta ya karkace gefe ɗaya, idon hagu ba ya rufuwa duka, kunu na zubowa ta gefen leɓe. Ta ce kunnen hagu yana mata ƙugi, ba ta ji da shi sosai.

Wata tsohuwa a gadon kusa ta ce iska ce ta mare ta. Malam Bitrus ya ce cutar ce ta taɓa jijiyar fuska, yakan faru. Na ce zai koma daidai? Ya ce sau da yawa yakan koma a hankali, wani lokaci kuma ba duka ba. Na ce masassarar fa? Ya ce yana sa ran ta tafi, amma mu sa ido, in jiki ya ɗumama a dawo da ita nan take. Ashe dai tsugune ba ta ƙare ba.

Ba ta tambayi komai ba game da safiyar Asabar. Mu ma ba mu ce ba.

Laraba, 18 ga Satumba, da safe. Tudu.

Daga asibiti nan muka wuce, ba mu koma tsohon gari ba. Asibi da mijinta ne suka kwaso kaya. Na aika cewa gadon kara da tabarmi da azarar ɗakin Inna kada a taho da ko ɗaya. Inna ta zo da tukwanenta kawai, kuma tun da ta zo gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu. Gidajen na siminti ne, rufinsu mai doro, da rana kamar tanda. Na bi bangon kaf da tsinke, ba tsaga.

Kullum da safe ina shiga in taɓa goshin Barakatu. An daina salati, an koma gulma. Na ji an ce wai har sunanta nake kira. Gaskiya ne, su je su faɗa a kasuwar Wara.

Jikin ba ƙarfi. In ta je bayan gida ta dawo sai ta kwanta. Gwiwoyi na ciwo, hasken rana na sa idon hawaye, Hansatu na ɗaure mata shi da ƙyalle in za ta yi barci. Maliki ya samu izini ya zo. Ya zauna kusa da ita, ta rufe rabin fuska da mayafi, ya janye mayafin ya ce ai ya riga ya gani, ba shi da wata matar sai mai wannan bakin. Yaron kirki ne. Na fita na ba su wuri.

Asabar, 21 ga Satumba, da azahar

Goshin da ɗumi. Na aika a nemo Cindo, na sa takalmi. Hansatu ta ce in dakata, yarinyar a bakin murhu ta zauna. Bayan ɗan lokaci ya huce. Na cire takalmin.

Talata, 1 ga Oktoba, da safe

Ba zafi. Idon ya fara rufuwa. Kunnen yana nan yadda yake.

Laraba, 9 ga Oktoba, da la'asar

Inna ta shigo ɗakin da faifan tuwo ta tarar ina taɓa goshin. Ta tsaya ta ce, "Da zahi?" Na ce babu. Ta ajiye faifan ta fita.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Jiya da na taɓa goshinta zan fita, ta riƙe bakin rigata. Ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba, sai dai gaisuwa daga nesa. Ta ce, "Baba, ka kai ni in ga wurin." Na ce jikinta bai yi ƙwari ba, ga iskar ruwa. Ta ce, "An ce ruwa na hawa kullum. In na jira ƙwari ba ni iske komi."

Yau da hantsi muka tafi, ni da ita da Cindo. Na lulluɓe ta da bargo biyu, ina ta kallon fuskarta ko za ta canza. Tungar Kirya babu ita. Saman kiryar ne kawai a waje, tsuntsaye sun cika shi, sai wani guntun katangar masallaci. Cindo ya kashe inji, ya auna da bishiyar, ya auna da katangar, ya tuƙa da filafili a hankali ya ce, "Nan na gidanku, Malam, in ban ɓata ba." Ruwa ne shimfiɗe, ja, da ciyayi na yawo a kai.

Ta ce, "Ina ne?" Na nuna mata wani wuri. Ban tabbata nan ne ba. Ta sunkuya ta sa hannu a ruwan, ni kuma na damƙe zanenta ta baya da hannu biyu.

Ta daɗe a haka. Sai ta ce, ba ta juyo ba, "Ya yi kuka?" Na ce ya yi, kaɗan. Ta ce, "An yi mai huɗuba?"

Ban faɗa wa kowa wannan ba, ko a nan ban rubuta ba. Safiyar waccan Asabar ɗin ba namiji a gidan sai ni, Inna ta miƙo mini shi ta ƙofa a cikin tsumma, bai cika tafin hannuna biyu ba. Na yi masa kiran salla a kunne, na raɗa masa suna, yana numfashi a lokacin.

Na ce, "An yi. Basiru." A hankali na faɗa, kuma ta gefen kunnen da ya mutu nake. Ta juyo da ɗaya kunnen ta ce, "Ban ji ba, Baba." Na sake faɗa da ƙarfi, har tsuntsayen kan kiryar suka tashi. Cindo ya juya mana baya yana gyara igiyar da ba ta lalace ba.

Ta gwada faɗa. Leɓɓan ba su haɗuwa sosai tukuna, "Baba" ma da ƙyar take haɗa shi, farkon sunan ya ƙi fita, iska ce kawai ke zubowa ta gefen bakin. Ta sa yatsa ta danne leɓen ta sake gwadawa. Cindo ya tada inji muka juyo. Har muka iso gindin tudu tana gwadawa.